Zugazugin Mota: Bayani a kan Turbo da Aikinsa Cikin Injin

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Kano zuwa Zariya, ko ta Maraɗi zuwa Yamai, ya ga tirela ta taso da kaya niƙi-niƙi, in ya kasa kunne zai ji wani siririn fito yana fita daga cikin rurin injin, yana ƙaruwa in direba ya taka totur, yana lafawa in ya ɗaga ƙafa. Wannan fito na wata 'yar na'ura ce wadda girmanta bai fi na ƙwaryar fura ba. Turawa suna ce mata turbocaja, makanikai kuwa sun gajarta, suna cewa turbo. A yau da wuya a ƙera babbar motar gas ba tare da turbo ba, ƙananan motocin fetur kuma da yawansu da shi su ke fitowa daga masana'anta, su yi shekarunsu a Turai ko Amurka, sa'an nan su biyo ta Kwatano ko Legas su iso kasuwanninmu.

Da yawa cikin masu sayen motocin nan ba su san abin da su ka saya ba. Mutum ya kan riƙe injin mai turbo yadda ya saba riƙon tsohuwar motarsa, ba a jima ba sai hayaƙi ya turnuƙe, a kai gareji, a yanka masa kuɗin da bai shirya ba. Abin nufi a wannan takarda shi ne a bayyana da Hausa yadda na'urar nan ta ke aiki, da dalilin ƙago ta, da amfaninta, da iyakar amfanin nata, da kuma abin da ta ke bukata wurin mai ita.

Wuta da iska

Mu fara daga maƙera. Maƙeri ya san tulin gawayi kaɗai ba ya sa ƙarfe ya yi ja. In ya ƙara gawayi bai ƙara iska ba, sai wutar ta shaƙe, ta yi hayaƙi. Domin haka ya ke ajiye yaro a kan zugazugi. Abin da wuta ta ke nema cikin iska shi ne wani sashe nata da a ke kira oksijin, wanda ya ke kashi 21 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa.

Injin mota shi ma murhu ne, sai dai wutarsa a rufe ta ke ci. A cikinsa akwai ramuka kamar turame, su ne silinda, cikin kowace kuwa akwai fistin yana hawa yana sauka. Irin injin da ya ke cikin yawancin motoci, wanda Nikolaus Otto, mutumin Jamus, ya gyara ƙirarsa a 1876, aikinsa hawa huɗu ne. Da fari fistin ya sauka, bawul ɗin shiga ya buɗe, silinda ta zuƙi iska. Na biyu bawul ya rufe, fistin ya hau ya matse abin da ya shiga. Na uku wuta ta kama, ta bugo fistin ƙasa da ƙarfi, wannan bugun ne kuwa ya ke juya ƙafafun mota. Na huɗu fistin ya sake hawa ya kore hayaƙi ta bawul ɗin fita zuwa salansa. A injin fetur fulogi ne ya ke kunna wutar. A injin gas, wanda Rudolf Diesel ya kammala a 1897, babu fulogi: iska kaɗai a ke matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai, ya kama da kansa.

Masana sun auna sun ga kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami kilo 14.7 na iska. Iska kuwa ba ta da nauyi sosai, lita ɗaya tata giram 1.2 ce kawai. In aka yi lissafi, lita ɗaya ta fetur tana bukatar wajen lita 9,000 na iska, watau cikin duro 45 na lita 200. Ka ga ke nan zuba mai ba shi da wuya, kowane ƙaramin famfo ya iya. Wuyar aikin samun iska ne. Injin da a ke ce wa mai lita 2, in yana juyi 3,000 a minti, iyakar iskar da zai iya zuƙa lita 3,000 ce a minti, domin kowace silinda sau ɗaya ta ke cika a juyi biyu. Wannan iska kuwa ba za ta ƙone fiye da sulusin lita na fetur ba. Kome aka ƙara bisa wannan, baƙin hayaƙi zai zama, ba ƙarfi ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a gane. Mun ce injin yana zuƙar iska, amma a hakika iskar duniya ce ta ke tura kanta ciki. Iskar da ta ke bisanmu tana da nauyi, tana danna kome da kome. A bakin teku dannawar nan ta kai fam 14.7 a kan kowane inci murabba'i, da irin ma'aunin nan da mai faci ya ke auna taya da shi, sa'ad da ya ce ya ba ta 32. Fistin wuri kawai ya ke buɗewa, wannan nauyi ne ya ke cika shi. Saboda haka injin da ba shi da mataimaki ba ya samun iska fiye da abin da sararin sama ya ba shi.

To, mai neman ƙarin ƙarfi hanya uku gare shi. Ko dai ya ƙera babban injin, ya jure nauyinsa da shan mansa. Ko ya sa injin ya riƙa juyi da sauri ƙwarai, ya jure saurin cinyewarsa. Ko kuwa ya yi abin da maƙeri ya yi, ya kawo zugazugi ya cusa iska da ƙarfi. Zugazugin nan iri biyu ne. Akwai wanda injin ya ke ja da bel, shi kuwa yana cin wani abu daga ƙarfin da ya ke taimakawa a samu. Akwai kuma wanda hayaƙi ya ke juyawa, shi ne turbo.

Ƙirar turbo

Dabarar turbo ta taso ne daga wata asara. Ƙarfin da ya ke cikin mai ba duka ya ke isa ƙafafun mota ba. A injin fetur abin da ya ke zama aiki kimanin sulusi ne, sau da yawa ma bai kai ba. Wajen sulusi ya kan tafi cikin ruwan lagireto, sauran sulusin kuma ya bi hayaƙi ya fice ta salansa. Hayaƙin nan yana fitowa da zafi da matsi da gudu, aikin turbo kuwa shi ne ya tare shi a hanya ya sa shi aiki kafin ya wuce.

In an buɗe turbo za a ga farfela biyu a kan sanda ɗaya, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, kowace cikin gidanta mai siffar katantanwa. Ta farko ita ce farfelar wuta. Hayaƙi ya kan fito daga silinda, ya shiga katantanwar, hanyar tana ƙara tsukewa yana ƙara gudu, har ya bugi fikafikan farfelar ya juya ta, sa'an nan ya fita ta tsakiya ya nufi salansa. Da ya ke sanda ɗaya ce, farfela ta biyu, watau farfelar iska, dole ta juya tare da ita. Ita kuwa tana jan iska ta tsakiyarta daga matatar iska, tana wurga ta gefe kamar yadda majaujawa ta ke wurga dutse. Iskar da aka wurga ta kan shiga tata katantanwar, a nan hanyar tana ƙara faɗi, gudun ya ragu, ya koma matsi. Daga nan sai tiyo ya kai ta injin. Hayaƙi da iska ba su haɗuwa ko kaɗan, sandar nan ce kawai tsakaninsu.

Ƙarin matsin da turbo ya ke bayarwa a motocin yau da kullum ya kan kama daga fam 7 zuwa fam 20 da 'yan kai. In ya ƙara fam 7, watau rabin nauyin iskar duniya, a lissafi silinda za ta ɗauki iska ninki ɗaya da rabi, injin mai lita 2 ya yi numfashin mai lita 3. A aikace ribar ba ta kan kai haka cif ba, saboda dalilan da za mu zo kansu.

Wahalar da na'urar nan ta ke sha abin mamaki ce. Fankar silin a ɗaki ba ta kan wuce juyi 400 a minti ba, injin mota a hanya yana yin 2,000 zuwa 3,000, amma turbon ƙaramar mota ya kan kai 200,000, watau fiye da juyi 3,000 a daƙiƙa ɗaya. Zafin hayaƙin injin fetur kuma ya kan kusa digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyon da a ke zuba tukwane da shi yana narkewa a digiri 660. Domin haka farfelar wuta da garwayen ƙarfe mai yawan nikel a ke yin ta, farfelar iska kuwa, da ya ke tana wajen sanyi, yawanci ta alminiyon ce. Sandar tsakiya a yawancin turbo ba ta taɓa ƙarfen da ya ke riƙe da ita. Baƙin mai ne ya ke zuwa ta wani siririn bututu daga injin, ya yi mata shimfiɗa wadda ba ta kai kaurin gashi ba, tana yawo a kai. Man nan shi ne matashinta, shi ne kuma ya ke ɗebe mata zafi. A riƙe wannan magana, domin yawancin mutuwar turbo daga nan ta ke.

Matsaloli uku da magungunansu

Matsala ta fari zafi ce. Wanda ya taɓa ba keke iska da famfon hannu ya san gindin famfon ya kan yi zafi, domin iska in an matse ta zafi ta ke yi. Wadda ta fito daga turbo ta kan wuce digiri 100. Iska mai zafi kuwa a buɗe ta ke, oksijin ɗin cikin kowace lita kaɗan ne, sai ya zama an ba da dama an karɓe da hagu. Maganin wannan shi ne a bi da ita ta cikin wani abu mai kama da lagireto, wanda makanikai su ke kira intakula, iskar hanya ko ruwa ya sanyaya ta kafin ta shiga silinda.

A injin fetur zafi yana jawo wata cuta kuma. In matsi da zafi sun yi yawa, sauran fetur ɗin da wutar fulogi ba ta riga ta isa gare shi ba ya kan fashe da kansa gaba ɗaya, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan ƙwanƙwasa dabam ta ke da abin da direbobi su ke nufi in sun ce injin ya buga, amma in ta daɗe tana iya fasa fistin ta kai ga bugawar. Masu ƙira su kan rage matsewar fistin a injin mai turbo, su sa wata na'ura mai sauraren ƙarar, wadda ta ke sanar da kwamfutar mota ta jinkirta wutar fulogi. Shi ya sa waɗansu motocin su ke neman fetur mai lambar oktan babba, in ba su samu ba ƙarfinsu ya ragu. Injin gas ba shi da wannan damuwa, tun da iska zalla ya ke matsewa, saboda haka shi da turbo su ka dace tun farko.

Matsala ta biyu ita ce turbo ba ya san ya isa ba. Ƙarin iska ya kawo ƙarin wuta, ƙarin wuta ya kawo ƙarin hayaƙi, ƙarin hayaƙi ya ƙara wa farfela gudu, in an bar abin haka sai wani abu ya fashe. Sai aka yi wata 'yar ƙofa kafin farfelar wuta. In matsi ya kai iyakar da aka yanka, ƙofar ta buɗe, wani sashe na hayaƙin ya zagaye farfelar ya wuce salansa, kamar yadda mai noman rani ya ke fasa wa ruwa wata hanya in fangali ya cika. A da matsin iskar ne da kansa ya ke tura ƙofar, a motocin zamani kuwa kwamfuta ce ta ke sarrafa ta.

Matsala ta uku jinkiri ne. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Turbo ba ya ba da iska sai ya sami hayaƙi, injin kuwa ba ya ba da hayaƙi mai yawa sai ya sami iska. In direba ya taka totur injin yana juyi a hankali, sai an ɗan dakata kafin farfela ta ɗauki gudu, sa'an nan ƙarfi ya zo. A motocin shekarun 1970 dakatawar nan ta kan yi tsawo, ƙarfin kuma ya zo gaba ɗaya, har ya ƙwace wa marar gwaninta mota a kwana. An rage wannan ta hanyoyi da dama: ƙaramar farfela marar nauyi, turbo biyu, ƙarami da babba, raba hanyar hayaƙi biyu cikin katantanwa domin bugun wata silinda kada ya dagula na wata, da waɗansu fikafikai masu motsi kewaye da farfelar wuta, waɗanda su ke tsuke hanya in hayaƙi kaɗan ne, su buɗe in ya yawaita. Wannan na ƙarshe ya bazu cikin motocin gas tun shekarun 1990. A shekarun 2020 kuma an fara sayar da motoci masu turbo da ƙaramin injin lantarki a kan sandarsa, wanda ya ke juya shi kafin hayaƙi ya iso.

Tarihinsa a taƙaice

Wanda ya fara rajistar dabarar nan wani injiniya ne na ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, a 1905. Amma ƙarafan zamaninsa ba su iya jure zafin ba, sai da aka shekara wajen ashirin kafin abin ya kankama. A 1925 aka sa turbonsa a injunan gas masu silinda 10 na waɗansu jiragen ruwan fasinja biyu na Jamus, Preussen da Hansestadt Danzig, ƙarfin kowane injin ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500.

Masu jiragen sama su ma sun matsu da shi, domin in jirgi ya yi sama iska ta kan yi ƙaranci, injin ya raunana. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Auguste Rateau ya gwada turbo a injunan jiragen Faransa. A Amurka kuma, a 1918, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi kan dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado, mai tsawon wajen mita 4,300, inda nauyin iska ya ke kimanin kashi 6 cikin 10 na bakin teku, ya nuna turbo yana mayar wa injin ƙarfin da tudu ya ƙwace masa. A Yaƙin Duniya na Biyu manyan jiragen yaƙin Amurka, irin su B-17, da turbo su ka yi aiki.

A kan hanya, kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa shi a manyan motoci a 1938. Ƙananan motoci ba su same shi ba sai 1962, sa'ad da General Motors ya fito da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder. Labarin Jetfire yana da darasi. Domin hana ƙwanƙwasa, an yi mata wani ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol, wanda a ke fesawa cikin iska. Masu motar su ka riƙa mantawa da cika shi, motar ta riƙa ba su wahala, shekara biyu kawai aka yi aka daina ƙera ta, ba a sayar da 10,000 ba. Na'ura kome kyaunta, in mai ita bai san bukatarta ba, ba ta daɗewa.

A shekarun 1970 aka koma wa turbo. BMW ya fito da 2002 Turbo a 1973, Porsche da 911 Turbo a 1975, Saab na Suwidin kuma ya sa shi cikin motar iyali, Saab 99, a ƙarshen shekarun nan. A 1978 Mercedes-Benz 300 SD ta zama ƙaramar motar gas ta farko mai turbo, a 1979 kuma Peugeot, wanda a ke haɗa 504 ɗinsa a Kaduna a lokacin, ya bi sawu da 604. A tseren Formula One, Renault ya shigo da shi a 1977, ya ci tsere na farko da shi a 1979, kafin tsakiyar shekarun 1980 kuwa injin mai lita 1.5 ya wuce doki 1,000. Aka hana shi daga 1989, aka dawo da shi a 2014.

Amfaninsa da iyakarsa

Abin da ya baza turbo cikin motocin talakawa ba tsere ba ne, dokokin rage hayaƙi da shan mai ne na Turai da Amurka da Sin. Hujjar masu ƙira ita ce: mota ba ta bukatar cikakken ƙarfinta sai jifa-jifa, wajen tashi, da hawan tudu, da wuce wata motar. Babban injin kuwa ko da yaushe yana jan nauyinsa da gogayyar sassansa, ko ana bukatar ƙarfinsa ko ba a bukata. In an sa ƙaramin injin mai turbo, a tafiyar sannu ya sha man ƙarami, in an nema ya ba da ƙarfin babba. Ga misali, a 2012 kamfanin Ford ya fito da injin mai silinda 3, lita 1 tak, wanda ya ke ba da doki wajen 125, ya maye gurbin mai lita 1.6. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu 2023, wannan lissafi ya shafi aljihun kowane mai mota.

Amma a yi hattara. Turbo ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga babu, iska kawai ya ke kawowa domin a ƙone ƙarin mai. In an cika mota da fasinja da buhuna, aka danne totur daga Kano har Maiduguri, ƙaramin injin zai yini cikin matsi, ya sha mai irin na babba, waɗansu ma su kan fesa rarar fetur domin su rage zafin hayaƙi. Tsimin da a ke yabo na mai sauƙin ƙafa ne.

A ƙasashenmu akwai wata riba kuma. Injin da ba shi da turbo ya kan rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau. Jos tana bisa wajen mita 1,200, saboda haka motar da ta taso daga Legas ta kan isa can ta rasa kusan kashi 12, a tudun Mambila kuma, mai wajen mita 1,600, asarar ta fi haka. Zafi ma haka: iskar bazara ta Sakkwato ko Agadas, mai digiri 40, ta fi mai digiri 15 sakayau da kashi 8 cikin 100. Turbo ya kan cike yawancin wannan gibi, ya ƙara gudu har matsi ya kai yadda a ke so. Ga tirela mai hawan tudu da kaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka masu ratsa hamada da yawa sun fi amincewa da injin marar turbo, irin injin gas 1HZ mai lita 4.2 na Toyota Land Cruiser, wanda ya fito a 1990, domin abin da babu shi ba ya lalacewa a inda babu gareji. Su ma suna da hujjarsu.

Abin da turbo ya ke bukata

Na fari shi ne baƙin mai na kirki, irin lambar da masu motar su ka rubuta, a juye shi kan lokaci tare da matatarsa. Jabun mai, ko wanda ya daɗe ya yi kauri, ya kan toshe siririn bututun nan, sanda mai juyi 200,000 kuwa in ta rasa mai na 'yan daƙiƙoƙi ta gama ci. Araha ba ta ado.

Na biyu haƙuri ne wajen tayarwa da kashewa. Da safe a bar mai ya zagaya kafin a taka totur. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudu a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye, domin in an kashe nan take mai ya daina gudu, wanda ya rage a kan sanda mai zafi ya ƙone ya zama gawayi. Motocin zamani da yawa suna da ruwa mai zagaya turbo, wannan ya rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba. Al'adar nan ta waɗansu direbobi ta ba injin wuta sau biyu ko uku sa'an nan su murɗe makulli, ita ce mafi muni, domin an tashi farfela da gudu sa'an nan an yanke mata mai.

Na uku matatar iska ce. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, gari ce mai kaifi. In matata ta yage, ko an cire ta wai don injin ya sami numfashi, ƙurar za ta riƙa goge fikafikan alminiyon kamar magagari, farfela ta karkace, ta cinye mariƙinta.

Turbo ya kan ba da alama kafin ya mutu. Shuɗin hayaƙi da raguwar baƙin mai suna nuna mai yana yoyo ta gefen sanda. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi sau da yawa tiyo ne ya fashe ko ya kwance, gyaran kuwa mai sauƙi ne, kada a yi garajen sayen sabon turbo. Kuka irin na jiniya kuwa alama ce farfela tana taɓa gidanta. In ta kama a sauya shi, sai a nemo abin da ya kashe na farko, a wanke ko a sauya bututun mai, in ba haka ba sabon ma zai bi sawunsa. Cire turbo gaba ɗaya, yadda waɗansu su kan ba da shawara, ba gyara ba ne, domin an ƙera injin ne bisa lissafin iskar da zai samu, in ya rasa ta sai rauni da hayaƙi.

Akwai haɗari ɗaya da ya wajaba kowane direban motar gas ya sani. In baƙin mai ya kwararo da yawa daga turbo zuwa hanyar iska, injin gas yana iya ƙone shi kamar gas, ya ɗauki gudu da kansa cikin farin hayaƙi mai kauri, a murɗe makulli ya ƙi mutuwa. Abin yi shi ne a danne birki, a sa babbar giya, a saki kuloci domin ya shaƙe, ko a toshe bakin shigar iska da wani abu mai tauri kamar katako, kada a kuskura a sa hannu ko tsumma. In bai yiwu ba, a nisanta mutane daga motar.

Batun suna

Saura magana ɗaya wadda ta shafi harshe. Kalmar turbo ta riga ta zauna a bakin makanikai, kamar yadda fulogi da salansa da lagireto su ka zauna, ba kuwa amfanin korar ta. Amma aron suna ba ya bayyana aiki. Yaron gareji da aka ce masa turbo, suna kawai ya riƙe. In an ce masa zugazugi ne wanda hayaƙi ya ke zugawa, nan take zai gane dalilin da ya sa tiyo fasasshe ya ke kashe ƙarfi, da dalilin da ya sa ƙarin mai ba ya maganin ƙarancin iska. Saboda haka shawararmu ga masu rubuta littattafan koyon sana'a ita ce su riƙe sunan aro domin kasuwa, su yi bayani da zugazugi, da farfelar wuta, da farfelar iska, da ƙofar rage hayaƙi.

Motocin lantarki ba su bukatar turbo, tun da ba su ƙone kome. Amma tireloli da tankoki da taraktoci da manyan janaretoci da jiragen ruwa suna nan da shi, motocin da a ke ƙerawa da shi yau kuma su ne za su cika tashoshinmu nan da shekaru goma ko ashirin. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, gara a san shi tun bai ci kuɗin mutane da yawa ba. Allah ya kiyaye hanya.